Ribas, ribasal da inbata: Yadda kalmomin 'juyi' na Ingilishi suka shiga rayuwar mutanen Matameye

A tashar motar Matameye kalmar "ribas" ba ta buƙatar tafinta. Da zarar yaron mota ya bubbuga gefen mota ya ce "Maigida, yi ribas kaɗan," direba zai ja da baya, ko da Faransanci ya yi karatu, ko kuma bai taɓa zama a aji ba. Kalmar ta tsallako ne daga Najeriya tare da motoci da kayan gyaransu, ta zauna daram a bakin Hausawa har wasu sun manta cewa baƙuwa ce.

Asalinta "reverse" ne na Ingilishi, kuma tana da 'yan uwa da suka biyo sawunta. Akwai "reversal" da ke zuwa a saƙon banki, wanda masu POS ke kira ribasal. Akwai "inverter" da masu shaguna ke kira inbata, da "revert" da ake gani a wasiƙun ofis, da "inverse" na masu lissafi. Dukkansu juyi suke nufi, amma kowace da irin nata. Ɗan kasuwar da ya rikita su yana iya sallamar kaya alhali kuɗi ba su shigo ba, mai neman aiki kuma yana iya kasa gane amsar da aka aiko masa.

Daga 2023 zuwa 2025 mutanen wannan yanki sun ga juye-juye iri-iri, na mulki da na kuɗi da na doka, har da na harshe. Sanin bambancin waɗannan kalmomi yana taimaka wa mai bin labarai ya gane wane abu ne aka warware, wanne ne ya kife ya zauna a haka, wanne ne kuma ya koma yadda yake a da.

Gari tsakanin harsuna uku

Matameye ita ce hedkwatar gundumar Kance a jihar Damagaram. Hanyar da ta rabu da babban titin Maraɗi zuwa Zinder a Takeita ta ratsa garin, ta wuce Ɗan Barto, ta shiga Najeriya ta Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Daga nan sai Daura, sai Kano.

Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layin da ya raba yankin gida biyu, bisa yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka kuma kafa alamun iyakar tsakanin 1906 da 1908. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, amma Hausar kowane ɓangare ta ɗebi kalmomi daga bakin wanda ya mulke ta. Jami'in da ake kira kwastan a Kwangwalam shi ne ɗan duwan a Ɗan Barto. Wanda ake tsarewa a gidan yari a Daura, a gidan kaso ake cewa an kai shi a Damagaram.

Matashin Matameye yana girma ne da Hausa a gida, Faransanci a lakwal, Ingilishi kuma a jikin kwali da allon waya da takardun kayan da aka sayo daga Kano. A da wannan Ingilishi na kasuwa ne kawai. Sai dai kundin da aka ƙaddamar a Yamai ranar 26 ga Maris na 2025, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin 2010, ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ingilishin da matasa ke tsinta a tasha da intanet ya samu gurbi a takardar hukuma.

Saiwa ɗaya, rassa da yawa

Duk waɗannan kalmomi daga saiwa ɗaya suka tsiro, wato "vertere" na Latin, wanda ke nufin juya. Abin da aka liƙa a gaban saiwar shi ke nuna inda juyin ya dosa.

"Reverse" shi ne bin hanyar da aka zo a koma ta baya, ko kwance abin da aka ƙulla. Mota tana yin sa, kotu tana yi wa hukuncin kotun da ke ƙasa da ita, banki yana yi wa kuɗin da aka tura. A kowane hali akwai mataki da aka ɗauka, sannan wani mai iko ya janye shi.

"Invert" kuwa kifawa ne. Idan aka kifa ƙwarya tana nan inda take, samanta ne ya koma ƙasa. Haka idan abubuwa biyu suka yi musanyar matsayi, na gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba. Abin da kundin 2025 ya yi wa Hausa da Faransanci a takarda ya fi kama da wannan.

"Revert" komawa ne ga halin da ake ciki tun farko, kuma galibi abin ne da kansa ke komawa. Gonar da aka daina nomawa ta koma daji. Filin da aka bayar aro ya koma hannun mai shi bayan wa'adi ya cika.

"Inverse" kishiya ce ta lissafi, kamar yadda ɗaya bisa huɗu yake ga huɗu, ko abubuwa biyu da idan ɗaya ya hau ɗayan ke sauka. "Converse" kuma juya zance ne, kuma ba dole ne juyayyen zancen ya zama gaskiya ba. Duk ɗan Matameye ɗan jihar Damagaram ne, amma ba duk ɗan jihar Damagaram ne ɗan Matameye ba.

Hausa ba ta rasa waɗannan bambance-bambance ba, hanyar nuna su ce ta sha bamban. Ingilishi yana canza kan kalma, Hausa kuwa wutsiyarta take canzawa. Mutum ya juya ya tafi. Ya juyo yana fuskantar mai magana. Buhu ya juye, babu abin da ya rage a ciki. An juyar da akalar zance zuwa wani wuri. Haka koma da komo, haka mayar da maido. Ban da waɗannan akwai kifa da birkita da warware da soke da janye, akwai baibai na rigar da aka sa ciki a waje, akwai akasi da aka aro daga Larabci. Matsalar tana tasowa ne idan an zo fassara aka zuba duk kalmomin Ingilishin a cikin "juya" guda ɗaya.

Saƙon banki mai fuska biyu

Kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, wadda ke ci ranar Lahadi, tana cikin wuraren da 'yan kasuwar Damagaram ke kai shanu da tumaki da raƙuma. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, biya ta waya da na'urar POS ya ƙaru a kasuwannin kan iyaka. Tare da shi saƙonnin Ingilishi suka shigo cinikin da a da ake ƙarewa da musafaha da ƙirga kuɗi a hannu.

A nan ne wanda ya yi karatun Faransanci ya fi wanda bai yi karatu ba shiga haɗari. Faransanci ma ya gaji saiwar Latin ɗin nan. "Verser" yana nufin zuba, ciki har da zuba kuɗi a asusu. "Reverser" kuma yana nufin sake zubawa, ko miƙa kuɗin da aka karɓa ga wanda ya dace. Don haka idan idon da ya saba da Faransanci ya ga "reversed" a allon waya, abin da zai fara zuwa masa shi ne an miƙa kuɗin. A Ingilishin banki ma'anar akasin haka ce. Cinikin bai tafi ba, an soke shi, kuɗin sun koma asusun wanda ya turo. Mai kayan da ya saki dabbarsa saboda ya ga wannan kalma ya saki dukiya a banza, sai dai idan mai sayen mutumin kirki ne.

Ga wanda aka cire wa kuɗi kuma cinikin bai tafi ba, ribasal haƙƙinsa ne, kuma yana da wa'adi. A watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su mayar da kuɗin da suka maƙale nan take idan a na'urar cirar kuɗi ta bankin mai katin ne, cikin sa'o'i 48 idan ta wani banki ce, cikin sa'o'i 72 kuma idan ta POS ne ko ta intanet. Baƙon da ya san wannan ya san ranar da ya kamata ya daina jira ya shigar da ƙorafi.

"Revert" ma tana da nata tarkon, musamman ga masu neman aiki ko gurbin karatu a waje. A Ingilishin ofisoshin Najeriya da na Indiya ana amfani da ita da ma'anar "zan ba ka amsa." A Ingila da Amurka yawancin mutane komawa halin da kawai suka san tana nufi. Matashin da ya ga kalmar a wasiƙar wani kamfani na Kano ko Legas kada ya zaci an dawo masa da takardunsa, ana nufin ya jira amsa. Idan kuma shi ne zai rubuta wa jami'a a Landan, gara ya zaɓi wata kalmar.

Da naira da sefa suka yi musanyar wuri

Dattawan yankin sun san lokacin da naira ke sama. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja a farashin gwamnati, tana daidai da sefa sama da 300. Wanda ya je ci-rani Kano ya dawo da 'yan takardun naira a aljihu ya dawo da abin kirki.

Sefa ma ta sha nata bugun. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Amma tun 1999 tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsa ba. Naira kuwa ta yi ta zamewa, kuma bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas. A 2024 jika ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Reshe ya juye da mujiya.

Wannan shi ne "inversion" a ma'anarsa ta asali, na sama ya koma ƙasa. Kuma duk ɗan canji a bakin iyaka yana aiki da "inverse" kullum ko da bai san sunansa ba. Idan, a misali, jika tana kan naira 2,500, to naira 1,000 sefa 400 ce. Lissafin yana da wata dabara da ke ruɗa mutane. Idan jika ta tashi daga naira 1,250 zuwa 2,500, sefa ta hau da kashi 100 cikin 100, amma naira ta sauka ne da kashi 50 cikin 100. Kuɗin da suka rasa rabin darajarsu sai sun ninka kafin su koma inda suke. Shi ya sa labarin cewa naira ta farfaɗo da kashi 10 cikin 100 ba ya nufin an kusa komawa gidan jiya.

Kifewar ta taɓa kowa ta fuskarsa. Mai riƙe da sefa yana ganin kayan Kano da araha. Mai sayar da rago a naira sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya sallama. Ɗan ci-ranin da ke aika kuɗi gida daga Kano ko Abuja yana ganin guminsa ya ragu a hannun ɗan canji kafin ya isa hannun mahaifiyarsa.

Sauya fasalin naira ya nuna ɗaya ma'anar. A watan Oktoban 2022 aka sanar da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adi zuwa 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙolin Najeriya ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara, kuma a watan Nuwamba aka cire wa'adin gaba ɗaya. Jaridun Ingilishi sun kira wannan "reversal." An warware matakin, amma wanda ba shi da asusun banki a Najeriya, ya kuma riga ya karyar da tsofaffin takardunsa a kan asara saboda tsoron wa'adi, babu kotun da ta maido masa da abin da ya rasa.

Akwatin da ke juya wuta

Kafin rikicin 2023 Nijar tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkinta daga Najeriya. Jihohin Maraɗi da Damagaram suna kan layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agustan 2023, masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi da masu ɗinki suka ƙara dogara da janareta da hasken rana. Inbata ta zama abin da ake tambaya a shago.

Aikinta a taƙaice shi ne canza irin wutar. Faifan sola da batir suna ba da wuta mai tafiya ta fuska ɗaya. Firji da fanka da talabijin kuwa suna son wutar da ke kai da komowa, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya a tsarin Nijar da Najeriya. Inbata ce ke karɓar ta farko ta mayar da ita ta biyu.

Sunan yana da tarihi. Injinan farko da aka ƙera suna mayar da wuta mai kai da komowa ne zuwa mai fuska ɗaya. Da aka gano ana iya sa injin ya yi aikin a juye, sai aka kira shi juyayyen inji, daga nan sunan ya samo asali. Faransawa ba su bi wannan hanya ba. Sun kira shi "onduleur," wato mai yin igiya irin ta ruwa, saboda siffar wutar da yake fitarwa. Mai sayen da ya nemi na'urar da sunanta na Faransanci a kasuwar Sabon Gari a Kano zai sha kallo.

A jikin takardar na'urar kuma ɗaya kalmar ce ke jiran sa. Gargaɗin "reverse polarity" yana nufin kada a haɗa wayoyin batir baibai, ja a gurbin baƙi. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ne, yana iya ƙona fis, a wasu na'urorin ma ya ƙona inbatar gaba ɗaya.

Juyin mulki da ƙofar iyaka

Kalmar da Ingilishi ya fi amfani da ita ga abin da ya faru a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 ba tasa ba ce ta asali. "Coup" aro ce daga Faransanci, ma'anarta bugu. Bahaushe ne ya kalli abin a matsayin juyi, ya ce juyin mulki, ya ce an kifar da gwamnati.

Kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum, shugabannin ECOWAS, ko CEDEAO kamar yadda aka fi saninta a Nijar, suka taru a Abuja suka ba da wa'adin mako guda a maido shi kan mulki. Kafafen Ingilishi suka yi ta maganar "reverse" ga juyin mulkin, wato a kwance abin da aka ƙulla. Aka rufe iyakoki, aka yanke wuta, aka dakatar da hada-hadar kuɗi. Motoci suka yi layi a bakin iyaka, farashin abinci da magani ya hau, dangin da ke tsakanin Daura da Kance suka koma bin hanyoyin daji don zuwa biki ko gaisuwar mutuwa.

A ƙarshe matakin ƙungiyar ne aka yi wa ribas. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkuman. Ranar 13 ga Maris Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka da maido wuta, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan.

Sai dai buɗe ƙofa bai maido da gidan yadda yake ba. Tun ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Janar Abdourahamane Tiani ya yi rantsuwar shugabancin ƙasa a watan Maris na shekarar. A nan bambancin "reverse" da "revert" ya fito fili. An janye takunkumi, amma alaƙar ƙasashen biyu ba ta koma matsayinta na kafin Yulin 2023 ba, kuma jarin ɗan kasuwar da ya narke a watanni bakwai na rufe iyaka bai dawo tare da buɗe ta ba.

Dokar da aka soke

Babu inda wannan bambanci ya fi ciwo kamar batun tafiya Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma mafi yawansu daga gundumar Kance suka taso.

A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka kuma tsananta aiki da ita daga 2016 tare da goyon bayan Tarayyar Turai. An kama direbobi a Agadas, an ƙwace motoci. Masu tafiyar ba su daina ba, hanyoyin da ke nesa da rijiyoyi da idon jami'ai suka koma bi.

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, ta kuma share hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. A takarda wannan cikakken "reversal" ne, kamar ba a taɓa yin dokar ba. Shekarun da wasu suka yi a gidan kaso kuwa sun riga sun tafi. Ta ɗaya ɓangaren kuma Aljeriya ta ci gaba da koro mutane zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Rahotannin ƙungiyoyin agaji suna kiran wannan komawa gida, amma matar da ta sayar da akuyarta ta ci bashi don kuɗin mota ba ta komo ta tarar da abin da ta bari ba. Ingilishi yana da kalma ga irin wannan, "irreversible," wato abin da ba ya warwaruwa.

Bishiyar da ke yin komai baibai

Akwai juyi ɗaya da ya yi wa yankin rana, kuma a gonaki yake. Gawo bishiya ce da ta saɓa wa sauran itatuwa. Da damina ta kankama sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, da rani ya shigo sai ya yi kore shar. Masana tsirrai masu rubutu da Ingilishi suna kiran wannan hali da "reverse," masu rubutu da Faransanci kuma suna cewa "inversée." Bishiya ɗaya ce, harsunan biyu suka zaɓi rassa daban na saiwar Latin ɗin nan.

Wannan baibai ɗin shi ne amfaninsa ga manomi. Saiwarsa tana nitsawa ta kai ga ruwan ƙasa, don haka ba ya jiran ruwan sama. Tun da babu ganye a kansa da damina, inuwarsa ba ta danne gero. Ganyen da ya zubar yana zama taki daidai lokacin shuka, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoma sun daɗe da lura cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 an yi ta rubuta cewa hamada na cinye kudancin Nijar. A tsakiyar shekarun 1980 manoma suka fara barin 'yan tsiron da ke fitowa daga kututture da saiwa a lokacin sharar gona, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi. Ana kiran dabarar sassaben zamani. A yankin Maraɗi an san ta da aikin Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, wanda ya fara yaɗa ta a 1983. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a gundumomin Magarya da Matameye da Mirya kaɗai gonakin da itatuwa suka sake rufewa sun kai kimanin hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. A faɗin ƙasar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya rena a gonarsa.

Rahotannin duniya suna kawo wannan yanki a matsayin misalin yi wa kwararowar hamada ribas. Ko a nan ma ƙasar ba ta koma dajin da kakanni suka sani ba. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun ƙanƙance, hutun ƙasa ya kusa ɓacewa a Kance. Abin da aka samu sabon tsari ne na gona da itace a wuri ɗaya, kuma ya ɗauki sama da shekara 20 kafin hotunan tauraron ɗan'adam su nuna shi. Ribasal na banki sa'o'i 72 ne, na iyaka ya ɗauki watanni bakwai. Tsiron gawon da manomi ya tsallake da gatarinsa a sharar bana kuwa, sai nan da shekaru masu yawa 'ya'yansa za su fara zuba wa awaki.